Yadda Ake Gwada Sabon Lensi da Filta Kafin a Shiga da Su Hoton Biki

Hoton da ya lalace a situdiyo yana da gyara, domin ana iya kiran mai shi ya dawo gobe a sake. Na biki ba shi da gobe. Sau ɗaya uwar amarya za ta rungume 'yarta da hawaye a fuska, in fokas ya kufce a wannan daƙiƙar, to ya kufce ke nan. Shi ya sa sabon lensi ko sabuwar filta ba su da hurumin shiga jakar aiki sai sun ci jarrabawa a gida, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware aƙalla mako 2 kafin biki don wannan gwaji, saboda in kayan sun fito da aibi ka samu sararin mayar da su ko neman madadi.

Wane lensi, don wane aiki

Lambar milimita da ke jikin lensi tana gaya maka faɗin abin da zai gani. Ƙaramar lamba tana kwashe fili mai yawa, babba kuma tana matse fili ta jawo na nesa kusa. Duk lambobin da za su zo a nan na kyamara mai cikakkiyar sensa ne (sensa ita ce farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara), wato mai faɗin milimita 36 da tsayin 24. In taka mai ƙaramar sensa ce irin APS-C, sai ka ninka lambar sau 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, ko sau 1.6 a Canon. Ke nan 50mm zai yi maka aikin 75mm ko 80mm, 35mm kuma ya koma kusan 50mm.

Lensi 2 ne suka fi ɗaukar nauyin aikin biki: 24-70mm f/2.8 na cikin jama'a, da 70-200mm f/2.8 na ɗauko fuska daga nesa ba tare da ka tsaya wa mutane a gaba ba. Lambar f/ tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga lensi ta cikinta: ƙaramar lamba, ƙofa mai faɗi. Wasu sun fi son marasa zum, 35mm a kyamara ɗaya, 85mm a ɗayar. Waɗannan sun fi sauƙin ɗauka, kuma suna buɗewa har f/1.8 ko f/1.4, abin da ke nufin hasken da ke shiga ya ninka na f/2.8 har sau 4 a f/1.4. Amma ƙafarka ce za ta zama zum ɗinka, kuma a ɗakin da ya cika maƙil ba kullum ake samun wurin ja da baya ba. Wanda kyamara ɗaya gare shi, 24-70mm ya fi masa rufin asiri.

Akwai abin da ake yawan ɗora wa lensi laifinsa alhali ba nasa ba ne. Ba 24mm ke kumbura hanci ba, kusanci ne. In ka matso ƙasa da mita 1, hanci ya fi kunne kusa da kyamara sosai, sai ya fito ƙato, kunnuwa su shige baya. Abin da 85mm yake yi shi ne ya tilasta maka tsayawa mita 2 ko 3 kafin fuska da kafaɗu su cika hoton, a wannan nisan kuwa fuska tana fitowa yadda ido ya saba ganinta. Illar lensi mai faɗi ta gaskiya tana gefen hoto: wanda ya faɗo a ƙarshen layi a 24mm zai fito ya fi yadda yake faɗi, kuma ba zai gode maka ba.

Gwajin lensi

Ka fara da hannu da ido, tun kafin ka ɗaura shi a kyamara. Cire murafu biyun, ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, kusan kowane lensin da aka yi aiki da shi yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, wato fumfuna, ko wani hazo da ya lulluɓe gilashin ciki. Ka duba ganyayyakin ƙofar haske, kada a ga maiƙo a jikinsu, don maiƙo yana sa su nawa wajen rufewa sai hoto ya riƙa fitowa da haske fiye da kima. Murɗa zoben zum da na fokas daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ka ji ƙaras-ƙaras ko wani wuri ya cije, ko bakin zaren filta ya lotsa, wataƙila lensin ya taɓa faɗuwa.

Sai gwajin daidaiton gilasai, wanda shi ne mafi muhimmanci kuma shi aka fi tsallakewa. A cikin lensi akwai gilasai da yawa a jere, in ɗaya ya ɗan goce daga tsakiya sai gefe ɗaya na hoto ya riƙa fitowa dishi-dishi. Ka nemi abu mai nisa, kamar eriya ko allon talla da ya kai mita 50 ko fiye. Ka buɗe ƙofar hasken lensin gaba ɗaya, ka saita fokas a kan abin yana tsakiyar hoto, sannan ka mayar da fokas na hannu don kada ya motsa. Saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don ɗaukar hoto, ya kai 1/1000 na daƙiƙa. Yanzu ka ɗauki hoto 4, kowane ka sa abin a kusurwa daban. Ka buɗe su a kwamfuta, ka ƙara girmansu zuwa kashi 100, ka jera su. Ba a sa ran kusurwa ta kai tsakiya kaifi, abin da ake nema shi ne huɗun su yi kama da juna. In uku sun fito, ɗaya ta narke, lensin ne ke da matsala, kuma babu saitin da zai gyara shi. A lensi mai zum ka maimaita a farko, tsakiya da ƙarshen zum ɗin. Wannan aibin a hoton mutum ɗaya yana iya ɓuya shekara guda, sai ranar da ka jera dangi 30 ka ga na ɓangaren hagu duk sun dushe.

Na gaba shi ne inda fokas ke sauka. Ka kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ka tsayar da littafi mai manyan haruffa yana fuskantarta, ka jingina rula a gefensa a karkace, tsakiyar rular daidai da fuskar littafin. Nisan ya zama kamar tsawon lensin sau 30 zuwa 50, wato mita 2.5 zuwa 4 ga 85mm. Ka ɗauki hoto 10 a buɗe gaba ɗaya, kowane ka fara karkatar da fokas da hannu kafin ka bar kyamara ta nemo shi da kanta. In lambobin da suka fi fitowa a rular suna gaban littafin ko bayansa a yawancin hotunan, fokas yana sauka ba daidai ba. Wannan ciwon kyamarori masu madubi ne, irin DSLR, domin na'urar da ke auna fokas daban take da sensar da ke ɗaukar hoto. Yawancin manyansu suna da wurin gyara a menu, daga -20 zuwa +20. Marasa madubi a kan sensar suke auna fokas, don haka da wuya su yi wannan. In kuwa hotunan 10 sun watse, wani gaba wani baya, ba saiti ba ne, injin fokas ɗin ne ba shi da tabbas, kuma irin wannan lensin bai dace da biki ba.

Daga nan ka ɗauki abu ɗaya a kowace ƙofa: f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, har f/16. Yawancin lensuna sun fi kaifi in an rufe su mataki 1 ko 2 daga buɗewarsu ta ƙarshe (kowane mataki yana rage hasken da rabi), kuma daga f/11 zuwa sama kaifin yana fara raguwa saboda yadda haske ke bazuwa in ya ratsa ƙaramar kafa. Abin da kake son sani shi ne ƙofa mafi faɗi da za ka iya amince mata da fuskar amarya.

Kada ka tsaya a bango da rula. Ka fita da mutum. Ka tsayar da shi rana tana bayansa, ka ga ko hoton ya yi fari-fari ya rasa armashi, ko wasu ƙwallaye masu launi sun bayyana; ka gwada da hular lensi, wato kariyar da ake ɗaurawa a bakinsa don tare haske, ka gwada babu ita. Ka ba shi farin yadi da abin wuya mai ƙyalli, ka duba gefunansu a kwamfuta: lensuna masu buɗewa sosai sukan bar zane ja-ja mai ruwan shuɗi ko kore a inda fari ya haɗu da duhu, kuma yakan ragu in ka rufe zuwa f/2.8. Sannan ka sa shi ya tako zuwa gare ka a ɗaki mai ƙarancin haske, kana bin sa da fokas mai bibiya, ka ɗauki hoto 20 a jere ka ƙirga nawa ne ido ya fito. Wannan ƙirgen ya fi duk abin da aka rubuta a kwalin lensin amfani.

Filta

Kafin ka sayi kowace, duba faɗin bakin lensinka, lambar tana kusa da alamar ø, kamar 67 ko 77 ko 82. Ka sayi filta daidai da mafi girman lensinka, sauran ka haɗa su da ita da zoben ƙari. Illar wannan dabarar ita ce hular ƙaramin lensin ba za ta ƙara shiga ba.

Filtar rage haske, wadda ake rubuta ND a jikinta, ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin lissafinta ne ke ruɗa mutane. ND8 tana rage mataki 3, ND64 mataki 6, ND1000 mataki 10. Ga inda take shigowa. A tsakar rana mai ƙarfi, a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin sensa wajen karɓar haske), hoto yana daidaita a wajen f/16 da 1/100. In kana son bayan amarya ya narke ka buɗe zuwa f/1.4, ka ƙara mataki 7 ke nan, shota za ta buƙaci kusan 1/12800, alhali yawancin kyamarori a 1/8000 ko 1/4000 shotarsu ta inji take tsayawa. Matsalar ta fi tsanani in za ka haɗa da filasha don cike inuwar fuska, saboda filasha ba ta tafiya da shota in ta wuce 1/200 ko 1/250, in ka matsa sai baƙin layi ya yanke hoton. A 1/200 kuwa rana za ta tilasta maka f/11, inda komai na baya zai fito rangaɗaɗau, har da motocin da aka ajiye. Ɗaura ND8 sai ka sauko f/4. Ɗaura ND64 sai ka sauko f/1.4, shota tana nan a 1/200. Sai dai ka tuna filtar ba ta bambance hasken rana da na filasha, duka take ragewa. Ƙarfin da filasha take buƙata a f/11 babu filta, shi take buƙata a f/4 da ND8. Akwai hanyar HSS da ke barin filasha ta bi shota mai sauri, amma tana cinye ƙarfinta sosai, batir kuma ya ƙare da wuri.

ND mai murɗawa tana da daɗin aiki, musamman ga mai haɗa hoto da bidiyo, amma tana da halinta. Gilasai 2 ne ke juyawa a kan juna, in ka kai ta ƙarshe sai wani duhu mai siffar X ya bayyana a hoton, kuma ya fi fitowa a lensi mai faɗi. Ka gwada ta a farin bango a 24mm, ka murɗa a hankali, inda duhun ya fara ka sa alama a zoben, kada ka ƙara wuce nan. A wannan bangon dai za ka gane ko tana sauya launi. Ka kulle ma'aunin fari, wato saitin daidaita launin haske, a 5500K, ka ɗauki ɗaya da filta ɗaya babu, ka kwatanta. Masu araha sukan ja hoto zuwa kore ko ruwan ƙasa, kuma kore a fatar mutum yana da wuyar gyara.

Filtar CPL aikinta kashe ƙyalli ne a ruwa, gilashi, ganye, da ƙara wa sama shuɗi. Ta fi aiki in rana tana gefenka, ba gabanka ko bayanka ba, kuma tana cin haske mataki 1 zuwa 2. Tana da amfani in ma'aurata suna cikin mota kana ɗauka ta gilashi. A fuska kuwa sai da taka-tsantsan: ɗan ƙyallin goshi da kumatu shi ke ba fuska siffa, musamman fata mai duhu, in ka kashe shi duka sai fuskar ta fito kamar an shafa mata toka. Ka murɗa har ƙyallin ya ɓace, sannan ka dawo rabi. A cikin ɗaki ka cire ta.

Sai filtar tausasa hoto, irin Black Pro-Mist ta kamfanin Tiffen da makamantanta, masu zuwa da ƙarfi 1/8, 1/4, 1/2 zuwa sama. Tana sa fitilu su yi wani lallausan kewaye, ta rage kaifin ƙurajen fuska. Abu 2 za ka riƙe. Tasirinta yana ƙaruwa in lensin dogo ne ko haske yana fuskantar kyamara, don haka 1/4 da ta yi kyau a 35mm tana iya yin yawa a 135mm. Na biyu, abin da ta yi ya zauna, ba a cire shi a kwamfuta. Ga biki 1/8 ta isa, kuma hoton dangi a ɗauke shi babu ita.

Filtar UV kariya ce kawai daga ƙura da yatsun yara. Da daddare, inda akwai ƙananan fitilu ko kyandir, haske yana dawowa tsakaninta da gilashin lensi sai ka ga tagwayen fitilu kore-kore suna yawo a hoton, wani lokaci a kan fuska. Rana ta faɗi, cire ta, hula ta ci gaba da tsaron lensin. Kada kuma ka jera filta 2 a lensi mai faɗi, kusurwoyi za su yi baƙi. In wata ta cije ta ƙi kwancewa, kada ka matse ta da yatsu biyu, matsin ne ke lanƙwasa zoben ya ƙara cijewa. Ka zagaya mata robar ɗaure kuɗi, ka kama da yatsu duka a sassauce ka juya.

Daren jajibiri

Kyamara 2, ko da ta biyun ta aro ce. Ka daidaita agogonsu har daƙiƙa, in ba haka ba hotunan za su cakuɗe wajen jerawa. In kyamarar tana cin katin memori 2, ka saita ta rubuta kowane hoto a duka biyun, kuma a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ya fi karɓar gyara a kwamfuta. Ka goge katunan a cikin kyamarar da za ta yi aiki da su, ba a kwamfuta ba. Batir aƙalla 3 ga kowace kyamara, na filasha saiti 2 ko 3. Ka ɗauki farar takarda a f/16 don ganin ko akwai ƙura a sensa. Ka karɓi jerin hotunan dangin da ake so a rubuce, tare da sunan mutum ɗaya daga kowane ɓangare wanda ya san fuskoki zai riƙa kira maka su. In akwai hali ka leƙa wurin taron a daidai lokacin da za a yi shi, ka ga inda rana take faɗawa da launin silin.

Ranar aiki

In kayan sun kwana a ɗaki mai sanyin na'ura kuma waje akwai zafi da laima, gilashi zai yi gumi da zarar ka fito. Ka bar su cikin jaka a rufe minti 20 zuwa 30 su saba da iskar waje. Gogewa ba ta magani, gumin zai dawo.

Babban tarkon hoton biki shi ne farar tufa. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin matsakaicin toka-toka, in fari ya cika hoton sai ya rage haske, tufar ta fito ruwan toka, fuska kuma ta nutse. Ka ƙara haske da +1, wato mataki 1, wani lokaci har +1.5. Amma akwai iyaka, domin farin da ya ƙone ba ya dawowa, duk aikin da ke jikin yadin ya tafi. Ka kunna alamar gargaɗi mai ƙiftawa a allon kyamara, ka ƙara haske har tufar ta fara ƙiftawa, sannan ka rage sulusin mataki. In a nan fuskar ba ta fito ba, kada ka ƙara buɗe kyamara, fuskar za ka kai wa haske: faifan mayar da haske daga ƙasa kaɗan, ko filasha cikin lema. Kuma kada ka yarda da hasken allon a rana, yana ruɗi. Histogiram za ka duba, wato zanen da ke nuna rabon haske da duhu a hoton.

Ga hoton mutum ɗaya, ka nemi inuwa mai buɗaɗɗen gaba, kamar bakin ƙofa ko gefen babbar taga, fuska tana kallon wajen hasken a ɗan karkace. Inuwar bishiya mai ratsin rana tana bar wa fuska tabo-tabo. In dole sai a rana, ka juya mata baya ga ranar ka cike fuskar. Girman haske da kusancinsa su ke kawo laushi: lema mai faɗin mita 1 a nisan mita 1 tana lulluɓe fuska, in ka ja ta zuwa mita 2 hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, inuwa kuma ta yi kaifi. Ka ɗaga ta sama da ido kaɗan har ka ga ɗigon haske a ƙwayar idon. Mai tabarau, ka ƙara ɗaga fitilar ko ka ce ya ɗan sunkuyar da haɓa.

Fokas a kan idon da ya fi kusa da kai. Ga dalilin da ya sa ba a wasa da wannan: 85mm a f/1.4, a nisan mita 2, abin da zai fito da kaifi bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Numfashi kawai in ka yi ka ɗan yi gaba, fokas ya bar ido ya koma kunne. A f/2.8 zurfin ya kai wajen santimita 9, a f/5.6 wajen 18. Saboda haka in ango da amarya suna tare, ɗaya ya ɗan fi ɗaya matsowa, f/1.4 zai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Ko dai ka daidaita fuskokinsu a layi guda, ko ka rufe zuwa f/2.8 ko f/4. Ba kowane hoto ne sai baya ya narke ba.

In babu filasha, shota kada ta gaza 1/250 ga mutanen da ke tsaye suna magana, 1/500 ga masu tafiya da sauri ko rawa. Na'urar hana girgiza da ke cikin lensi ko kyamara rawar hannunka kawai take gyarawa, ba ta tsayar da wanda ke motsi. In haske ya gaza, ɗaga ISO zuwa 3200 ko 6400 ba tare da fargaba ba. Hoto mai yashi-yashi ana rage masa a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa sai shara.

Hoton dangi a yi shi da 35mm zuwa 50mm, a f/5.6 in layi 2 ne, f/8 in sun kai 3 ko 4, fokas a kan layin gaba ko na biyu. Ka hana layin lanƙwasa kamar baka, don na gefe za su matso gaba su fita daga fokas. Ka hau kujera ko ɗan tsani, fuskokin baya su fito. Ka fara da taro mafi girma da tsofaffi da ƙananan yara, ka sallame su, sannan ka riƙa ragewa. Kowane rukuni hoto 5 aƙalla, domin a mutum 20 da wuya a rasa mai ƙifta ido. Ka bar sarari a gefuna: sensa tana ba da 2:3 ne, in aka zo wanke hoto mai inci 8×10 sai an yanke tsawon, kuma wanda ke ƙarshen layi shi zai rasa kafaɗa.

A zauren taro da daddare, kada ka harba filasha kai-tsaye a fuska, tana sa goshi ƙyalli ta bar baƙar inuwa a bango. Ka juya kanta sama da ɗan baya ta daki silin ko bango fari, hasken ya dawo a baje. Mafari mai kyau shi ne 1/125, f/2.8 zuwa f/4, ISO 1600, sai ka gyara daga nan. Shota ita ke riƙe da hasken zauren, filasha kuma tana riƙe da mutum. In bayan ya yi duhu kamar kogo, ka sauke shota zuwa 1/60, kada ka ƙara wa filasha ƙarfi. Silin mai launi zai rina fuskoki da launinsa, wanda ya yi tsayi da yawa kuma zai shanye hasken, a nan sai ka koma filasha a kan sanda da 'yar lema. In fitilun zauren masu ruwan ɗorawa ne, wajen 3200K, filasha kuwa tana wajen 5500K, fuska za ta yi fari-shuɗi baya ya yi ja. Ka manna wa filashar ledar CTO mai ruwan lemo, ka saita ma'aunin fari a 3200K, launukan su haɗu.

Fitilun LED da dogayen ƙwai suna ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani, sai hoto ya fito da ratsi-ratsi ko launi ya riƙa sauyawa daga hoto zuwa hoto. Shota marar ƙara, wato ta lantarki, ita ta fi kamuwa da wannan. Ka koma shotar inji, ka kunna saitin hana ƙiftawa in kyamarar tana da shi. In ratsin bai tafi ba, ka sa 1/50 ko 1/100 a ƙasar da wutarta ke kan 50Hz, 1/60 ko 1/125 a mai 60Hz. Ka ɗauki hoton gwaji a farin bango da zarar ka shiga zauren, ka kuma sake dubawa duk lokacin da aka sauya fitilu.

Katin da ya cika ya shiga aljihunka, ba jakar da za ka ajiye a gefe ba. Da ka isa gida, kafin barci, ka kwafe komai a wuri 2 daban, kwamfuta da wani faifan ajiya na waje, ka tura kwafi na 3 inda ba ɗaki ɗaya suke ba. Ka kwatanta adadin hotunan da ke kati da na kwamfuta, ka buɗe wasu daga farko, tsakiya da ƙarshe ka tabbatar suna buɗuwa. Katunan kuma kada a goge su sai an miƙa aikin.